Gaskiya ko Jita-jita: Ina Ikon Gwamna Ya Tsaya?

A majalisar ƙofar gida ko a teburin mai shayi, kusan duk abin da ya lalace Abuja ake ɗora wa, sai kuma wata rana a juya kan gwamna. Kundin tsarin mulkin 1999 ya raba wa kowa aikinsa, kuma rabon ya sha bamban da abin da ake faɗa.

"Gwamna ne shugaban tsaro a jiharsa." Akwai ƙanshin gaskiya, amma kaɗan. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Nijeriya. Gwamna na iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, sai dai sashe na 215 ya ba kwamishinan damar neman a miƙa maganar ga shugaban ƙasa ko ministansa kafin ya aiwatar. Sojoji kuwa ba sa ƙarƙashin gwamna ko kusa. Wannan giɓin ne ya sa Zamfara ta kafa rundunar tsaron al'umma ta Askarawa a 2024.

"Zinaren da ke ƙasar jiha na jihar ne." Jita-jita ce. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa wa gwamna amanar filayen jiharsa, amma sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya ce ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Lasisin haƙa daga Abuja yake fitowa.

"Wutar lantarki aikin tarayya ne kaɗai." Wannan ita ta fi damuna, domin da ita ake rufe bakin talaka. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran kundin da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, har a wuraren da babban layin ƙasa ya isa. Gyaran ya kuma buɗe musu ƙofar layin dogo da gidajen gyaran hali. Don haka gwamnan da ya ce hannunsa a ɗaure yake kan wuta, tsohon zance yake maimaitawa. Rashin kuɗi uzuri ne da za a iya saurara, amma doka ba ta hana shi ba. Haka batun firamaren da rufinta ya yaye: wannan nauyin jiha ne da ƙaramar hukuma, kuma akwai tallafin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, da ke jiran jiha ta biya nata kason kafin a sake shi.