Ƙurar da Taya Ke Tadawa Bayan Ta Wuce

Duk wanda ka tambaya a kasuwar Galmi ko a tashar Malbaza daga ina ƙura take zuwa, zai ce maka hunturu ne ya kawo ta. Da gaskiyarsa, amma rabi. Hazon da ke rufe sama daga Nuwamba zuwa Maris yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, wannan ba gardama. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake jingina wa hunturu kowace ƙura, har da wadda muka tayar da ƙafafun baburanmu.

A dubi fuskar gonar da aka bari ta huta shekara biyu ko uku. Akwai wani ɓawo siriri a samanta, wani wuri baƙi-baƙi, wanda kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba. Mutane na ɗauka busasshiyar laka ce kawai. Wani sashensa laka ce da ruwan sama ya daddaɓe, amma wani sashen rayayye ne: ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu zare-zare, suna ɗaure ƙwayoyin rairayi da wani abu mai yauƙi. Da rani suna kwance kamar matattu, yayyafi kaɗan ya ishe su farfaɗowa. Masu binciken ƙasa sun daɗe suna nazarinsu a Banizumbu, gabas da Yamai, kuma a ganina babu halittar da Sahel ta fi ci wa amana kamar su. Muddin ɓawon nan yana nan, iska sai ta yi ƙarfi sosai kafin ta ɗaga ƙasa. Da zarar taya ta murƙushe shi, rairayin da ke ƙasa ya sami 'yanci. Ƙwayar rairayi ba ta tashi sama, nauyi gare ta. Tsalle take yi kusa da ƙasa, ta faɗo ta bugi makwabciyarta, bugun ya fisgo garin ƙasa mai laushi, shi ne ke hawa sama ya yi tafiya. Saboda haka turnuƙun da kake gani bayan ɗan kabu-kabu somin-taɓi ne. Sawun da ya bari zai ci gaba da ba da ƙura duk ranar da iska ta kaɗa, ko da babu kowa a wurin, kuma ɓawon na iya ɗaukar shekaru kafin ya koma yadda yake.

Inda aka fi cacar baki a kan wannan shi ne Oceano Dunes, tuddan rairayi a gaɓar tekun Kalifoniya ta Amurka, inda aka buɗe fili don masu wasa da motoci da babura. Mazauna tudun Nipomo, wanda iska ke bi ta kansa bayan ta ratsa filin, suka yi ta kukan ƙura. Masu wasa suka ce ai tudun rairayi dama ƙura gare shi tun ran gini tun ran zane. Binciken da hukumar kula da iska ta yankin San Luis Obispo ta fitar a 2010 ya ɗora babban kaso na laifin a kan filin motocin, domin tayoyi sun kashe ciyayi sun fasa fuskar rairayin. Hujjar masu wasan ita ce tamu ta hunturu, an dai sauya mata riga.

Mu ma mun ɗanɗani irin wasan. Tseren Paris-Dakar da Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978 ya sha ratsa Nijar ta Agadas da Tenere. Amma tseren baƙo ne, kwana kaɗan ya yi gaba. Ƙasarmu ta Dogarawa tata matsalar ta kullum ce: babura masu yanke ta cikin gonaki bayan girbi, motocin albasa da ke sauka daga kwalta zuwa fadama, samari masu wasan babur a ranar biki, ga kamfanin siminti na Malbaza da ke aiki tun shekarun 1960 da manyan motocinsa. Kowane ɗaya zai rantse nasa bai kai ya kawo ba. Huhu kuwa jimla yake karɓa. Ƙurar da faɗinta bai kai mikiron 10 ba tana wuce hanci, wadda ba ta kai 2.5 ba tana isa can cikin huhu, kuma mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce ta farkon kada ta haura mikirogiram 45 a kowace kubik mita ta iska cikin awa 24.

Ban da ƙura, ƙarar baburan kuma lissafinta daban. Ana auna ta da desibel, ma'aunin da ba a tara shi kamar kuɗi. Babur biyu masu ƙara ɗaya desibel 3 kawai suke ƙarawa, goma su ƙara 10, wanda kunne ke ji kamar ninki biyu. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗi kowa: a desibel 85 ana ƙiyasta awa 8 ce iyakar aminci, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Wanda ya cire salansa don a san ya iso, kunnensa ne mafi kusa da bututun.

Maganin ƙurar ma ba daga nesa za a nemo shi ba. A kwarin Maggiya, cikin wannan jiha ta Tawa, tun 1975 ƙungiyar CARE da manoma suka fara dasa layukan dogon yaro don karya ƙarfin iska, kuma iskar da aka rage wa gudu ba ta iya sa rairayi tsalle. Sai a haɗa da abin da ya fi arha: hanya ɗaya sananniya zuwa fadama, kowa ya bi ta, maimakon sawu ashirin a gonaki ashirin.