Maƙoƙo da Likitocin da Suka Bi Sawunsa

Maƙoƙo ba ya ɓuya, tunda a wuya yake fitowa. Abin da ya daɗe yana wa masana wuyar ganewa shi ne tushensa, wato wata 'yar tsoka da ke gaban maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tayirod. Ita ke daidaita saurin aikin jiki. In ta yi gaggawa, zuciya ta dinga bugawa, mutum yana ci yana ramewa. In ta yi nawa, sai kasala da jin sanyi da kumburin fuska.

Tun zamanin da, masu magani a ƙasar Sin suna ba mai maƙoƙo ciyawar teku, ana kuwa samun sauƙi, ba tare da sun san dalili ba. A ƙarni na 12, likitan Farisa Isma'il al-Jurjani ya lura cewa wani maƙoƙon yakan zo tare da fitowar idanu waje. Amma yau sunan Robert Graves na Dublin wannan ciwo yake ɗauke da shi, shi da bai rubuta nasa bayanin ba sai 1835. Jamusawa kuma suna kiran sa da sunan nasu, Karl von Basedow, wanda ya rubuta a 1840. Ko a Turai ma an riga su: Caleb Parry na garin Bath a Ingila ya ga ciwon tun 1786, sai dai ba a buga cikakken bayaninsa ba sai 1825, bayan ya mutu. Rabon sunan nan, a ganina, bai yi adalci ba.

Amfanin tsokar kuwa, ta hanya mai ɗaci aka gano shi. Theodor Kocher, gwanin tiyata a Bern ta Suwizalan, ya ƙware wajen cire maƙoƙo a lokacin da aikin ke yawan kashe mutane. Da ya sake kiran waɗanda ya cire wa tsokar ɗungurungum, sai ya tarar da yawansu sun kumbura, tunaninsu ya dusashe, yara sun daina girma. Ya bayyana haka a gaban 'yan uwansa likitoci a 1883, ya kuma daina cire ta duka sai in dole. Ya samu kyautar Nobel a 1909. Tsakanin nan, a 1891, George Murray na Newcastle ya yi wa wata mata da tsokarta ta yi nawa allurar ruwan tayirod ɗin tunkiya, ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya.

A 1912 wani matashin likitan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana wani nau'in maƙoƙo daban daga jikin mata huɗu. Sai bayan shekara arba'in da 'yan kai aka gane cewa garkuwar jiki ce ke yaƙar tsokar.

Sirrin ciyawar teku kuma aidin ne, wanda Bernard Courtois ya gano a Faransa a 1811. Suwizalan ta fara sa shi a gishiri a 1922, Najeriya ta wajabta hakan a 1993. Gishirin yana hana maƙoƙon rashin aidin ne kawai. Ba ya maganin na Graves ko na Hashimoto, waɗanda sai an yi gwajin jini a asibiti ake tantance su.