Sunayen Kuɗin Ƙarfe a Hausa da Matsalar Rarraba Su Iri-Iri

1.0 Gabatarwa

Masu tara tsofaffin kuɗi kan rarraba kowane tsaba bisa hukumar da ta buga shi, da ƙarfen da aka yi shi da shi, da darajarsa, da shekararsa. Wannan maƙala za ta nuna cewa Bahaushe bai bi wannan hanya ba wajen raɗa wa kuɗi suna. Abin da ya jawo hankalina shi ne tsofaffin kuɗin da masu sayar da kayan gargajiya ke bajewa a Jos, inda aiki ya kawo ni. Na lura duk kuɗin da mai kundi zai kasa gida huɗu ko biyar, mai tebur da suna ɗaya yake kiransa.

2.0 Suna Ɗaya, Iri Da Yawa

Mu ɗauki sule. Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda Turawa suka kafa a 1912, ta fitar da sulen azurfa a 1913. A 1920 aka koma farin tagulla mai gaurayen kuza, wato irin ma'adinin da ya tara leburori a filayen Jos da Bukuru. A 1938 aka sake gaurayen ƙarfen. Babban Bankin Nijeriya kuma ya buga nasa sulen mai ɗauke da shekarar 1959. A wurin mai kundi waɗannan iri huɗu ne, kafin ma a zo ga sunan sarkin Ingila da ke jiki, ko ƙananan haruffan H da KN masu nuna maƙerar da ta buga. A bakin Bahaushe kuwa duk sule ne. Da aka sauya kuɗi ranar 1 ga Janairu 1973, sai sunan ya haye kan kwabo goma, sisi ya koma kwabo biyar, fam ya zama naira biyu, jaka kuma, wadda a da fam ɗari ce, ta zama naira ɗari biyu.

Ke nan sunan Hausa gurbi yake riƙewa a cikin lissafi. Ƙarfen yana iya sauyawa, gurbin yana nan. Hujja mafi ƙarfi a kan haka ita ce ahu da nai: ahu kwabo ɗaya da rabi, nai kwabo tara, alhali ba a taɓa buga tsaba guda mai ɗayan waɗannan daraja ba a ƙasar nan. Kundin da ya dogara ga abin da hannu zai taɓa ba shi da inda zai ajiye su, amma ƙamus dole ya ba su wuri.

Akwai kuma akasin haka, wato iri ɗaya mai suna biyu. Sule biyu fataka ne, kuma dala ce. Rabin kwabo ana ce masa ɗari, ana kuma ce masa sisin kwabo.

3.0 Saura Daga Zamanin Wuri

Ɗari ya cancanci a tsaya a kansa. Kalmar ƙidaya ce, kuma ana danganta ta da yawan wurin da ake musanyawa da rabin kwabo. Ita ma jaka, kafin ta zama fam ɗari, wuri zambar ashirin take nufi. Kalmar kuɗi kanta Bargery (1934) ya kawo ta a matsayin jam'in wuri. Saboda haka a ƙarƙashin sunayen aro irin su kwabo da sule da fam, waɗanda suka fito daga Ingilishi, akwai tsohon lissafin da ya riga su.

4.0 Abin Da Ba Kuɗi Ba

Mai kundi yana raba kuɗin hukuma da alamun ƙarfe, irin su lambar aiki ko lambar yabo. Nan ma iyakar ba ta fito sarai a Hausa ba. Dalar Mariya Tariza, wadda duk bugunta na baya ke ɗauke da shekarar 1780, ta yi aikin kuɗi a kasuwannin Kano, daga baya ta koma abin adon mata. Shekarar da ke jikinta ba ta faɗa wa kowa lokacin da aka buga ta. Huda ma ba ta isa ma'auni ba, domin anini da ɗari da kwabo da hudarsu aka buga su, tare da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Sai an duba ko daga maƙera hudar ta zo, ko kuwa wani ne ya huda don ratayawa.

A ganina, duk kundin da za a yi na waɗannan kuɗi yana bukatar gida biyu a kowane layi: na siffa da na sunan Hausa tare da zamanin da aka yi amfani da shi. Mai nazarin adabi da ya ci karo da sule a rubutun 1934 da kuma na 1980 yana bukatar a faɗa masa cewa na farko kwabo goma sha biyu ne, na biyu kwabo goma.