Kalmar Da Ta Bi Doki Daga Larabawa Zuwa Ingila

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Gusau, ko 'Yandoton Tsafe, ko Sarkin Fulanin Bungudu, ya ga kwalliyar dawaki. Amma mu nawa ne a cikinmu za su iya faɗin sunan ciwon doki ko guda ɗaya?

Turawan Ingila suna da wata tsohuwar kalma, "vives", wadda yau da wuya ka ji ta a bakin kowa. Sunan wani ciwo ne da ke kumbura kaluluwar doki a ƙarƙashin kunne, kamar yadda hangum ke yi wa yara. Abin mamaki, asalinta Larabci ne: "azzi'iba", wato macen kerkeci, dabbar nan da muka sani a ƙissar Annabi Yusuf (AS). Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, a nan mutanen Sifaniya suka ari kalmar suka ce "adivas". Faransawa suka mayar da ita "avives", Ingilishi ya yar da harafin farko. Har William Shakespeare ya sa ta cikin cututtukan wani ramammen doki a wasansa The Taming of the Shrew, ya rubuta ta "fives". Da mota ta ƙwace aikin doki, likitocin dabbobi kuma suka zo da nasu sunayen, sai kalmar ta koma cikin ƙamus ta kwanta.

Mu ma doki ya kawo mana Larabci. Sirdi daga "sarji" yake, linzami daga "lijam", likkafa daga "rikab". Waɗannan suna nan da ransu. To, ina akawal da kili da bidi da danda, sunayen launin dawaki? Ina sammore, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa dabbobi? Babur ya shiga gari, barga ta yi shiru.

Turawa sun rubuta tasu kalmar kafin ta mutu, shi ya sa muka iya bin sawunta. Namu kuwa, Bargery ya tattara wasu a ƙamusunsa na 1934, sauran suna bakin dattawa. A hutun nan, mu ɗauki biro da littafi mu je wurin Shamaki da zagage da masu kiwon dawaki a unguwanninmu. Mu tambaye su sunan kowane ciwo, da alamunsa, da yadda ake maganinsa, tun suna raye.