Firojet Ba Shingen Tsallakewa Ba Ne

Ɗalibin ajin ƙarshe a Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Baze, ko Nile, ko Veritas ta Bwari, ba zai karɓi digiri ba sai ya gabatar da aikin bincike na ƙashin kansa, wanda ɗalibai ke kira firojet. Babi biyar, malami mai duba aiki, sai ranar kare aikin, wato difens. Da yawa suna ɗaukarsa wani shinge da za a tsallake a tafi bautar ƙasa, shi ya sa kasuwar masu rubuta shi don kuɗi take ci a shagunan kwamfuta na gefen makarantu. Wanda ya saya, ba malaminsa ya cuta ba. Shekara huɗu ana ba shi tambaya yana amsawa. Wannan ne karon farko da aka ce ya nemo tambayar da kansa, kuma a nan ne zai gane wane aiki zuciyarsa za ta jure.

Ɗalibin Abuja kuwa bai da uzuri, domin hukumomin da ɗan'uwansa na Gashuwa ko Dutsin-Ma ke jin sunansu a takarda, shi kuɗin mota kaɗai ke tsakaninsa da su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana tsakiyar gari. Hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana Lugbe. Cibiyar kimiyya ta Sheda tana kan hanyar Kwali. A Idu akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD, inda aka haɗa Niprisan, maganin rage raɗaɗin ciwon sikila, daga tsirrai da suka haɗa da dawa da kanumfari da masoro. Ɗalibar haɗa magunguna da ta ɗauki wani ganye da kakarta ke jiƙawa, ta kai shi irin wannan ɗakin gwaji, za ta shafe makonni tana busarwa, tana tacewa, tana aunawa, tana maimaitawa saboda sakamakon ya ƙi fitowa. Idan ta wayi gari tana ɗokin komawa, ta sami hanyarta. Idan kuwa ta ji duk abin ya ishe ta, amma ta lura hirar da take yi da masu sayar da ganyen a kasuwa ta fi yi mata daɗi, to wannan ma sani ne, kuma gara ta same shi yanzu da ta same shi bayan ta kashe kuɗin digiri na biyu.

Batutuwa ma a zube suke. Motsin ƙasar da ya firgita mutanen Mpape a Satumban 2018, a unguwar da ake fasa duwatsu, tambaya ce ga ɗalibin ilimin ƙasa. Ambaliyar da ke yawan cin rukunin gidajen Trademore a Lugbe tambaya ce ga mai karatun tsara birane. Wanda ya bi irin waɗannan dole ya rubuta wasiƙar neman bayanai, ya zauna jiran darakta, ya yi magana da mai unguwa da injiniya. Cikin waɗannan mutane ne ake samun mai cewa, “Idan ka gama, ka neme ni.”

Akwai kuma dabarar da 'yan kaɗan ke amfani da ita. Shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta fara a 1973, yana tura ɗaliban kimiyya da fasaha wuraren aiki na 'yan watanni kafin ajin ƙarshe. Mai wayo daga can yake dawowa da matsalar da zai bincika, ya koma wurin ya tara bayanai, ya miƙa musu kwafi in ya kammala. Ranar intabiyun neman aiki, sa'ad da sauran ke nuna sakamakon jarrabawa, shi yana da labarin matsalar da ya gano da yadda ya bi ta.

Malamai ma da nasu laifin. Malami ɗaya da ɗalibai birjik a hannunsa, sai ya raba musu tsofaffin take don ya huta. Ɗalibin da ya zo da nasa batun a rubuce, da sunan hukumar da ta yarda ta ba shi bayanai, da wuya a mayar da shi.