Ceto kyauta ne ko lada? Tambayar da ta haifar da ɗariƙar Furotesta

Duk ranar 31 ga watan Oktoba, majami'u da yawa na ɗariƙar Furotesta kan tuna da abin da ya faru a Jamus a shekara ta 1517. A ranar ce Martin Luther, malamin tauhidi a jami'ar Wittenberg, ya aika wa babban bishop na Mainz jerin batutuwa 95 yana ƙalubalantar cinikin takardun sassaucin horon zunubi. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, shi ne ke tallar takardun, kuma wani kaso na kuɗin na tafiya ne ga ginin majami'ar Bitrus da ke Roma.

Ba kuɗin kaɗai ya dami Luther ba. Tambayarsa ita ce: ta yaya mai zunubi zai samu karɓuwa a gaban Allah? Ya daɗe yana azumi da addu'a da furta zunubansa, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. A nazarin wasiƙar manzo Bulus zuwa ga Romawa ne ya fahimci cewa adalcin da ake magana a kai kyauta ce da Allah ke bai wa wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu, ba ladar wahalarsa ba. Daga nan koyarwar Furotesta ta samo tushe: ceto ta wurin alheri kaɗai, ta wurin bangaskiya kaɗai, Littafi Mai Tsarki kuma shi ne ma'auni. Paparoma Leo na 10 ya kore shi daga ikkilisiya a 1521, shekara ɗaya bayan haka ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci domin talaka ya karanta da kansa.

To, ina amfanin aikin kirki ke nan? Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta ɗauki bangaskiyar da ba ta haifar da aiki a matsayin matacciya. Malaman Furotesta suna ganin babu saɓani a nan. Ka ɗauki misalin itacen mangwaro: ba 'ya'yan ne ke ba shi rai ba, rayuwar da ke cikinsa ce ke fitar da 'ya'yan. Sura ta 2 ta wasiƙar Afisawa ma haka ta jera su, alheri da farko, ayyukan kirki su biyo baya.

Rabuwar ta ɗauki ƙarnuka, sai dai a 1999, a birnin Augsburg, ikkilisiyar Katolika da ƙungiyar Lutheran ta duniya sun sa hannu kan wata sanarwa da ta amince cewa ta wurin alheri kaɗai Allah ke karɓar mutum, ko da yake akwai sauran bambance-bambance a tsakaninsu.

Batun bai tsufa ba. Duk inda aka ce wa mabuƙaci ya ba da kuɗi kafin ya samu waraka ko buɗi, tambayar Luther ta sake tasowa. A koyarwar Furotesta, baiko godiya ce, ba farashi ba. Wanda ba shi da ko dala a aljihu, ƙofar a buɗe take gare shi kamar yadda take ga attajiri.