Me ya sa tsohon injin alminiyam da motar tseren hamada suke kai miliyoyin daloli?

A watan Janairun 2023 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da wata mota ƙirar Chevrolet Corvette ta 1969 a kan dala miliyan 3.14 a jihar Arizona ta Amurka. Corvette ta wannan shekarar ba abu ne mai wuyar samu ba, domin an ƙera dubun-dubatarta. Abin da ya ɗaga kuɗin wannan shi ne injin da ke cikinta, mai suna ZL1, wanda aka zuba gangar jikinsa da alminiyam, wato ƙarfen da wasu ke kira goran-ruwa ko sanholo. Corvette biyu kacal aka tabbatar sun fito daga masana'anta da wannan injin.

Idan aka narkar da injin aka auna shi a kilo, kuɗinsa ba zai sayi babbar wayar zamani ba. To me masu tara irin waɗannan kayayyaki suke biya?

Amfanin alminiyam a injin tsere

Nauyin alminiyam bai kai rabin na baƙin ƙarfe ba. Santimita ɗaya ta kowane ɓangare na alminiyam tana da nauyin giram 2.7, ta zubin baƙin ƙarfe kuwa ta haura giram 7. Rashin nauyin nan, da saurin fitar da zafi, su ne suka sa ake yin jikin wayoyi da kwamfutoci da yawa da shi. A wajen tsere, duk kilon da aka rage a gaban mota yana ƙara mata saurin tashi, yana sauƙaƙa shan kwana da taka birki.

ZL1 injin V8 ne mai lita 7, kuma asalinsa daga gasar Can-Am ne, inda motocin McLaren suka yi ta lashe tsere da manyan injinan Chevrolet na alminiyam. Ya fi ɗan'uwansa na baƙin ƙarfe sauƙi da kimanin kilo 45. A takarda an rubuta masa ƙarfin doki 430, amma ainihin ƙarfinsa ya wuce 500.

Sai dai alminiyam yana da nasa rauni. Yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka injin da ya yi zafi fiye da kima yana iya lanƙwashewa. Zaren da noti ke kamawa yana saurin cinyewa, kuma ruwan lagireto marar kyau yana cin sa ta ciki. Ga shi kuma injin tsere ana tura shi ne har iya ƙarfinsa. Shi ya sa da yawa suka fashe tun a shekarunsu na farko, kuma waɗanda suka tsira suka zama abin nema.

Ƙarancin abu ne matakin farko

Wani dilan motoci a jihar Illinois, Fred Gibb, shi ne ya nemi Chevrolet ta saka ZL1 a cikin Camaro, ya yi odar guda 50 domin dokar gasar tsere ta amince da motar. Da kuɗin ya fito, injin kaɗai ya ci dala 4,160, fiye da kuɗin motar kanta. Masu saye suka ja da baya, Gibb ya kasa sayar da mafi yawansu. A ƙarshe guda 69 kawai aka ƙera. Kasuwar da ta ƙi su a 1969 ita ce ta jawo tsadarsu daga baya: a 2020 an sayar da ɗaya a gwanjon Barrett-Jackson a kan sama da dala miliyan 1.

Masu wayoyi sun ga irin wannan. Apple ta daina yin iPhone ta farko mai 4GB bayan kimanin wata biyu da fitowarta a 2007, saboda mutane sun fi son mai 8GB. A Yulin 2023 an yi gwanjon ɗaya da ba a taɓa buɗe kwalinta ba a kan sama da dala 190,000, alhali kuɗinta na asali dala 499 ne.

Tsufa da alminiyam kaɗai ba sa kawo tsada. Misali shi ne injin Buick 215 na 1961. Daga gangar jikin ɗan'uwansa na Oldsmobile kamfanin Repco na Ostireliya ya haɗa injin da Jack Brabham ya ci gasar Formula 1 ta 1966 da shi. Kamfanin Rover na Ingila ya sayi ƙirar, ya saka ta a Range Rover, motar da ta zo ta ɗaya a rukunin motoci a tseren Paris-Dakar na farko a 1979. Duk da wannan tarihi, injin Rover V8 ba shi da wata tsada a hannun masu tsoffin kaya, domin an shafe sama da shekara 35 ana ƙera shi da yawa.

Wa ya tuƙa ta, kuma a ina?

A motocin tseren daji da hamada, tarihin motar ya fi komai nauyi. Big Oly mota ce mai kamannin Ford Bronco da aka haɗa a kan firam na bututun ƙarfe, da faffaɗan fiffike a saman rufinta. Parnelli Jones, wanda ya ci tseren Indianapolis 500 a 1963, ya lashe tseren da a yau ake kira Baja 1000 a Meziko da ita a 1971 da 1972. Motar ta zauna a hannunsa har zuwa Mayun 2021, lokacin da kamfanin Mecum ya sayar da ita a kan dala miliyan 1.87. Kowa zai iya haɗa mai kama da ita, kuma an yi hakan. Amma wadda Jones ya zauna a cikinta ɗaya ce tak, kuma babu wani giɓi a tarihin mallakarta.

Wani misalin ya fi kusa da gida. A shekarun 1980 tseren Paris-Dakar ya sha ratsawa ta Agadas da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar. Porsche ta shiga da motoci uku ƙirar 959 a 1985, babu wadda ta kai Dakar. Wadda ɗan Faransa René Metge ya tuƙa ta tsaya ne saboda fashewar bututun baƙin mai. Duk da haka, a Oktoban 2018 an sayar da ita a kan dala miliyan 5.9. Dalili shi ne ita ce matakin gwaji na motar da ta zo ta ɗaya da ta biyu a 1986, direbanta ya ci Dakar sau uku, kuma kaɗan ne daga cikin irinta suka taɓa fita daga hannun kamfanin.

A irin wannan mota, tabo ba aibu ba ne. Lotsawa, gogewar fenti da rairayin da ya maƙale a lungu duk shaida ne. Lokacin da gidan tarihin Porsche ya gyara 959 ɗin da Jacky Ickx ya zo na biyu da ita a 1986, an tayar da injin amma an bar jikin da tabonsa. Sabon fenti na iya rage wa irin wannan mota daraja.

Yadda ake gane na gaske

Inda kuɗi ya yi yawa, jabu ba ya nisa. Bambancin Camaro ta gama-gari da ZL1 ta gaske ya kai ɗaruruwan dubban daloli, don haka akwai masu goge lambar injin su buga wata. Masu tantancewa suna bin matakai kamar haka:

Lambobi. Kamar yadda IMEI na waya ya kamata ya yi daidai da na kwalinta, haka ake so lambar da aka buga a jikin injin ta dace da lambar motar. Akwai kuma ranar da aka zuba ƙarfen, wadda dole ta riga ranar haɗa motar. Ana duba wurin lambar da gilashin ƙara girma, domin na'urar masana'anta tana barin siraran layuka da gogewar hannu ke sharewa.

Tsagewa. Gwajin maganaɗisu da ake yi wa baƙin ƙarfe ba ya aiki a kan alminiyam. Sai a shafa wani jan rini da ke shiga tsaga, a goge, a fesa farar hoda, tsagar ta fito fili. Ana kuma cika hanyoyin ruwa da iska don ganin ko akwai yoyo.

Walda. Alminiyam yana karɓar walda fiye da zubin baƙin ƙarfe, don haka an ceto injina da yawa da suka fashe. Injin zai yi aiki, amma kuɗinsa ba zai kai na wanda ba a taɓa ba. Ƙaramar kyamara mai dogon wuya, irin wadda ake jonawa da waya, tana nuna cikin silinda ba tare da an kwance injin ba.

Takardu. Rasit na farko, takardar odar masana'anta, littafin tsere da tsoffin hotuna. A motar tsere ana canza injin da giya akai-akai, saboda haka hoton ranar tsere da ya nuna wata walda ko lotsawa a daidai wurin da take a yau yana iya zama hujja mafi ƙarfi.

Abin lura ga mai waya a hannu

Yau ana kallon manyan gwanjon nan kai tsaye a YouTube, kuma shafuka irin su Bring a Trailer suna barin hotuna da farashin da aka sayar a buɗe ga kowa. Farashin da mai kaya ya nema ba shi ne darajar kaya ba. Wanda aka biya a ƙarshen gwanjo shi ne ma'auni. Duk tallan da ya zo a Facebook ko WhatsApp da injin da ake cewa ba shi da na biyu, babu hoton lamba, babu takarda, ana kuma gaggawar a tura kuɗi, alamar damfara ce.

A kasuwannin 'yan gwangwan kuwa, tsohon alminiyam na mota yakan ƙare ne a matsayin tukunya. Mafi yawansa dama can ya dace, domin injin gama-gari ne. Amma ɗaukar hoton lambar da ke jiki a bincika ta a intanet ba ya cin minti biyar, kuma da zarar ƙarfe ya shiga wuta, lambar da tarihin sun tafi ke nan.